Takardar Ƙarshe ta Mai Rediyo

Wata uku bayan rasuwar Mai Rediyo, ɗan akwatin da matarsa ke jin magana da shi ya faɗi a bakin famfo. Shi ya haɗa mata shi da hannunsa lokacin da kunnenta ya yi nauyi: gwangwanin alewa ne, da batir, da siririyar waya mai zuwa kunne. Babbar 'yarsu, wadda tela ce, ta buɗe gwangwanin, ta tarar allon da ke ciki ya tsage gida biyu.

An sayo wa Mama na kanti. Ta sa shi yini ɗaya ta cire, ta ce fito yake mata a ka. Daga nan ta daina fitowa tsakar gida. In an yi magana sai ta yi murmushi kawai, ko da ta'aziyya aka zo yi mata.

Telar ta san yadda mahaifinta ke yin allon, don ita ke riƙe masa roba tun tana ƙarama. Yakan buga zanen hanyoyin wuta a kan takarda mai sheƙi, ya kifa ta a kan allo mai fuskar jan ƙarfe, ya danna da dutsen guga har tawadar ta koma jikin ƙarfen. Sai ya jiƙa takardar, ya murje ta. Kwamfutarsa ta riga shi mutuwa, zane ɗaya kawai ya rage, kuma yana ƙarƙashin filon Mama, domin akwai rubutun hannunsa a bayan takardar. Mama ba ta karatu, amma ta san hannun.

Mai kwafi na bakin titi ya gwada kwafar zanen sau uku, siraran layukan suka riƙa haɗewa.

Telar ta kai baki kusa da kunnen uwar. "Mama, in na yi da wannan, takardar ba za ta dawo ba. Ruwa zai cinye ta. Amma na ɗauki hotonta a waya, gaba da baya."

"Hoto ai ba shi ya taɓa ba," in ji Mama. Ta daɗe tana shafa takardar, sannan ta miƙa. "Karɓi. Na gaji da kallon bakin mutane."

Da hantsi telar ta goge jan ƙarfen da soson ƙarfe har ya yi ƙyalli, ta kifa takardar, ta ɗora dutsen guga. Hannunta ya saba da kai da kawowa a kan yadi, da ƙyar ta hana shi. Ta danna da nauyin jikinta tana kallon agogon bango. Rubutun mahaifinta ya fara yin ruwan ƙasa.

"Babanku ya ƙona min dutsen guga uku," in ji Mama da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. "Kullum sai ya ce aro ne."

A cikin robar ruwa takardar ta yi laushi. Telar ta sa babban yatsa tana murzawa a hankali, takardar na fita dunƙule-dunƙule kamar dauɗa. Mama ta juya fuska ga bango.

Layi ɗaya ya yanke a gefen hagu. Telar ta cike shi da maka, alƙalami mai baƙar tawada, sau biyu, kamar yadda ta ga mahaifinta yana yi. Ta sa safar hannu, ta buɗe taga, ta zuba sauran ruwan magani mai launin shayi da ya bari a kwalba, ta tsoma allon tana girgiza robar. Jan ƙarfen ya narke ko'ina, sai inda tawada ta rufe. Huda ramuka da ciro kayan tsohon allon ta liƙa su da dalma ya kai ta har la'asar, ta kuma ƙone yatsa.

Ta sa wa Mama siririyar wayar akwatin a kunne, ta murɗa makunnin.

"Mama?" Ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Daina ihu, ina jin ki."

Famfo na ɗiga, wani na buga ƙusa a maƙwabta. Mama ta karkata kai wajen ɗakin aikin mijinta, inda a da rediyo biyu ko uku kan yi surutu lokaci guda. Ta saurara, ta ƙara saurarawa.

"Me ya rubuta a takardar? Ban so a faɗa min da ihu ba."

Telar ta buɗe wayarta ta karanta: "Zafi sosai. Minti biyar. A danna, kada a goga. A mayar mata da dutsenta kafin ta gani."

Mama ta yi 'yar dariya, ta goge ido da gefen ɗankwali.

"Sake karantawa," ta ce. "A hankali."