Kayan Alhaji a Cikin Inji

Ranar da Alhaji ya cika kwana talatin da tara da rasuwa, injin wanki ya tsaya da kayansa a ciki. Ina zaune a ƙofar kicin na ji ƙarar ta canja, daga juyi ta koma wani gurnani ƙasa-ƙasa, sai kuma shiru. Na leƙa ta gilashin ƙofar. Ruwa ya kai rabi, ya yi shuɗi-shuɗi, ga hannun farar shaddarsa manne da gilashi. Na ja ƙofa ta ƙi. Irin injin nan ne mai ƙofa a gaba, muddin da ruwa a cikinsa ko za ka kwana kana ja ba zai buɗe ba.

Washegari ne sadakar arba'in. Yaya Wali, wan Alhaji, ya ce da hantsi zai zo ya karɓi kayan a raba wa mutanen masallacinmu na nan Rijiyar Lemo, tunda magada duk sun yafe. An so a kai wa masu wanki da bugu, na ce a'a. Shekara ashirin da shida ni ke wanke wa mutumin nan kaya, ba zan bar wa wani ƙato wankin ƙarshe ba. To ga shi garin rashin nutsuwa na haɗa fararen shadda huɗu da wata riga rinanniya, rinin kuwa zuba yake yi. Duk awar da suka ƙara a ruwan nan ƙara ɓaci suke. A ce an miƙa wa mutane kayan Alhaji Sammani, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sayar da shadda a Kantin Kwari, duk sun yi dabbare-dabbare? Na san abin kunya ne. Sani kawai na yi, amma ban ji zafinsa ba.

Gaskiya tun ranar da aka fita da shi ban ji komai ba. A kawo abinci in ci, a ce Allah ya ji ƙansa in ce amin. Hawaye ko ɗigo. Na san matan da ke zuwa gaisuwa suna kallon idona, suna fita su yi da ni, wannan ma bai dame ni ba. Faɗa ne kaɗai ya rage mini, shi ma ba don raina ya ɓaci nake yi ba, bakina ne ya saba. Ni'ima, ƙanwata da ta zo taya ni zaman takaba, ita ke shan shi.

Ko da safen ranar sai da muka yi a kan fil. Ina da wata 'yar tasa a gaban madubi da nake zuba fil ɗin maƙale mayafi. Shekara da shekaru tasar nan ba ta taɓa yin ƙasa ba, har na manta rabona da sayen fil. Amma tun da gida ya cika da mutane take raguwa, da na duba da safen nan saura uku. Na ce wa Ni'ima in tana so ta tambaya mana, ba sai ta riƙa tsinta ɗaya-ɗaya ba. Ta rantse ba ta taɓa ɗauka ba. Na ce to aljanu ne suka fara yafa mayafi. Ta fita, idonta ya kawo ruwa, ni kuwa na ci gaba da shafa mai.

Ita ce dai ta zo ta taya ni fama da injin. Muka kashe muka kunna, muka murɗa nan muka danna can, ta bubbuga masa gefe. Ya yi gurnani ya sake yin shiru. Na tsaya ina zaginsa, na ce shekara bakwai ko tari bai taɓa yi ba, sai yau ya ga damar wulaƙanta ni. Ni'ima ce ta hango lambar waya a jikin wata takarda da aka manna a gefensa. Ta Onyekachi ce, mai shagon kayan wuta a Sabon Gari inda Alhaji ya sayo shi. Da ta kira, sai da ya yi ta'aziyya tukuna, sannan ya ce ya san gidan takaba namiji ba ya shiga, zai turo ƙanwarsa Philomena, don dama ita ke zuwa masa gyara a gidajen da aka rubuta ba shiga.

Bayan azahar adaidaita sahu ya sauke ta. Mace ce gajera mai jiki, da jakar kayan aiki a kafaɗa, ta ɗaura ɗankwali har kunne. Ta cire takalmi a bakin tabarma ta ce, "Hajiya, ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta." Hausarta tas, a Sabon Gari aka haife ta. Na ce amin, na nuna mata injin da baki.

Ba ta yi gaggawa ba, har na fara jin haushinta. Ta zare waya daga soket. Ta sa Ni'ima ta kama suka jawo injin gaba, ta bi tiyon da ke fitar da ruwa da hannu tun daga jikin inji har bakin kwata, ko ya lanƙwashe ko wani abu ya danne shi. Lafiya ƙalau. Ta zuba ruwa bokiti guda a kwatar ta ga ya wuce. Ta tambaye ni ko kwanakin baya yana daɗewa kafin ya zubar da ruwa, ko kaya na fitowa sharkaf. Ni'ima ta ce ƙwarai, ya yi sati biyu yana haka, kuma tun da aka yi rasuwar kullum sai an yi wanki sau biyu. Ni ban ma lura ba. Philomena ta ce to matata ce ta toshe, yaushe rabon da a wanke ta? Na ce wace matata kuma?

Ta durƙusa ta sa farce ta ɓalle wani ɗan murfi can ƙasa ta hannun dama. Wallahi shekara bakwai ina share gaban injin nan ban san wurin yana buɗewa ba. Ta nemi faranti mai faɗi da tsummokara, ta zaro wani siririn tiyo ta cire masa toshi. Ruwan shuɗi ya riƙa tsiyaya, faranti ya cika, Ni'ima ta zubar, a sake tarawa. Mun fi rabin awa a haka. Da ruwan ya ƙare ta ɗauko filaya za ta murɗe murfin matatar, sai ta fara gwadawa da hannu. Ya juya sumul.

Ta ɗago ta dube ni. "Hajiya, kin ce ba a taɓa buɗewa ba? Wanda ya shekara bakwai a rufe, da filaya ma sai na yi gumi. Wannan ya saba da hannu."

Na ce ni dai ban sani ba, kuma Alhaji ba ya cikin masu irin wannan. Mutumin da ko tsinke ba ya ɗagawa a gida. Na sha faɗa masa haka a gaban idonsa, ya yi murmushi ya ɗauki hularsa ya fita.

Philomena ta juyo mini da bayan ɗan murfin da ta ɓalle. An lilliƙa masa irin farar takardar nan da ake mannawa a jikin bandir ɗin shadda, wata kan wata har sun yi kauri. A ta saman an jera kwanan wata da biro, ƙanana-ƙanana. Rubutun Alhaji ne, na san yadda yake karya wuyan bakwai ɗinsa. Ni'ima ta duba a waya ta ce duk Juma'ar farkon wata ce. Ranar Juma'a da safe nake zuwa gaida Innarmu a cikin Fagge, shi kuma ba ya fita kasuwa sai an sauko daga masallaci. Kwanan watan ƙarshe a jerin, saura kwana tara ya rasu.

Ta zaro matatar. Wani dunƙulen zare da datti ne baƙi ƙirin ya cika ta, ta juye shi a faranti tana wargazawa da tsinke. Fil ne a ciki. Ta yi ta zarowa tana ajiyewa gefe, masu jan kai, masu farin kai, wasu sun fara tsatsa. Ta zura yatsa cikin ramin ta ciro wasu biyu da suka tokare farfelar famfon da ke fitar da ruwa, ta juya ta ta ga tana tafiya. Ta ce fil ke tare zare, zare ya tare ruwa, in ana cire su daga jikin mayafi kafin wanki ba za a sake ganin wannan ba. Ban taɓa cirewa ba. Yadda na tuɓe mayafi haka nake jefa shi a kwando.

Ta wanke matatar ta mayar, ta kunna inji. Ya ja sauran ruwan, ƙofa ta yi ƙas ta buɗe. Muka ware rinanniyar gefe, aka sake ɗauraye fararen su kaɗai. Allah ya taimaka ba su yi dabbare ba, shuɗin ya bi ko'ina daidai, kamar an ɗan cika musu bula. Za su bayu. Na shanya su da kaina, na miƙe kowace kafaɗa yadda yake so. Philomena ta nuna mini yadda ake murɗe murfin, ta sa na gwada sau biyu, sannan ta yi sallama.

Na ɗauraye fil ɗin na goge su da gefen zani, na shiga ɗaki na zuba a tasa. Ta koma daidai inda take tsayawa kullum. Na zauna a bakin gado ina kallonta har Ni'ima ta leƙo ta ce la'asar ta yi.

Na ce, "Ni'ima, ki yafe mini. Ba ke kike ɗauka ba."

Ta ce, "Haba Yaya, ai ya wuce."

Na ce, "Ba wanda ya ɗauka. Mai mayar mini da su ne ba ya nan."