Katin Bikin Hetal

Makonni uku Baban Hetal ya kwashe yana nazarin tawada. Tunda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, babu abin da zai saya sai ya ja masa layuka a littafi. Wannan karon na'urar buga takardu ce, domin ya rantse ba zai kai katin bikin 'yarmu Hetal maɗaba'a ba, wai masu bugun garinmu Rajkot duk 'yan yankan kai ne.

Kullum da safe ina murza burodi yana karanto mini: kwalin tawadar wannan shafi ɗari da tamanin, na waccan ɗari uku, na ɗayar kuwa har ɗari shida. Na gaji har wuya.

"Baban Hetal, kati ɗari biyu ne fa kawai. Kuma ka san kakar ango. Matar da ta mayar da alewar baiko saboda an ɗaure kwalin da baƙin zare, kaɗan take jira ta ce an fasa."

"Kokila, ke dai bar mini lissafi."

Na bar masa. Ya sayo ta ɗari shidan, ya ɗora ta kan teburi ya lulluɓe da tawul. Ashe duk lissafin nan na baƙar tawada ne. Shi da aka haifa a garin nan ya manta katin biki da ja ake rubuta shi, baƙi kuwa na sanarwar mutuwa ne. Kwalin tawadar launi ɗan mitsitsi ne, katinmu kuma ja ne har gefe. Na farko ya fito fes, na ajiye shi gaban abin bautarmu Ganesh kamar yadda ake yi. A na arba'in da ɗaya ja ya ƙare.

Bai gaya mini ba. Ina can wajen tela, bawan Allah ya danna sauran da baƙi, ya liƙe ambulan, ya kai gidan waya.

Bayan kwana biyu, da hantsi, muka ji kuka daga bakin titi. Gwaggo Savita ce, yayarsa, sanye da farin sari na makoki. Ba ta iya karatu ba. Ta ga baƙin rubutu, ta gane hatimin gidanmu, ta hau motar farko daga ƙauye. Ta shigo tana kiran sunan ƙaninta, sai ga shi zaune yana tsoma biskit a shayi.

Ta rungume shi ta yi kuka mai isarta, sannan ta ja kunnensa.

"Bhupendra, tsufa ne ko hauka? Sa'a huɗu ina kuka a mota!"

"Yaya, ai da kin ba wani ya karanta miki."

"Wa ke tsayawa karanta baƙar takarda?"

Ni kam gabana ya riga ya faɗi. Na ce, "Na gidan ango fa? Wane launi?"

Ya buɗe littafinsa. Bisa jerin haruffa ya buga, sunan gidan ango kuwa, Vyas, yana can ƙasa, cikin baƙaƙen. Da safiyar nan ya miƙa wa uban ango a shagonsa, a liƙe, shi kuma sai azahar yake komawa gida cin abinci.

Hetal tana tsaye a bakin kicin, ko motsi ba ta yi. Tausayinta ya kama ni. Jajayen duk sun tafi, saura ɗaya tak. Na shiga ɗakin ibada, na haɗa hannuwa na nemi afuwa, na zare katin daga gaban Ganesh. Shekara talatin ban taɓa ɗauke abin da na ajiye a wurin ba.

Ina saka takalmi ina ƙwala wa mai keke-napep kira, don in riski uban ango a shago in musanya katin kafin azahar, sai ga shi ya biyo ni bakin ƙofa da littafinsa a hannu.

"Amma fa Kokila, a kan baƙar tawadar masu na'urar ba su yi ƙarya ba. Har yanzu kwalin bai kai rabi ba."