Layi Biyu Sama

Ranar Lahadi ce, wajen ƙarfe biyu na rana, ina juya ayaba a cikin mai, Yader ya faɗo rumfata a guje ya ce, "Mama, rufe ƙofa!" Ɗana ke nan, shi kaɗai gare ni, shekararsa talatin da ɗaya. Sana'arsa ɗaura wa zakarun faɗa aska a ƙafa, sana'ar da na yi faɗa a kanta har bakina ya gaji.

Ban kai ga ajiye cokali ba sai ga Fanor Zeledón, adda a hannun dama, mushen zakara a hagu yana reto.

"Ɗan banza, da gangan ka ɗaura masa aska sakwa-sakwa! Shekara biyu ina kiwon zakaran nan!"

"Zakaranka matsoraci ne kamar mai shi," in ji Yader. Bakinsa ke nan, ni ya gado.

Saran farko ya tare da hannu, na ji ƙarar ƙashi. Na biyu ya same shi a cinya, can ciki, sai ya durƙushe. Fanor ya ɗaga zai yi na uku, ni kuwa ban san lokacin da na ɗauki kaskon da hannuna ba, na watsa masa man a fuska. Ya kurma ihu, ya kai sara a makance ya samu teburina, teburin ya kife da ayaba da cuku da komai. Ya fita yana tangaɗi, maƙwabta suka yi caa a kansa.

Jinin cinyar Yader tsartuwa yake yi, yana bin bugun zuciya. Na san irin wannan jinin. Na yage ɗankwalina na ɗaure sama da saran, na zura cokalin na murɗa, na danne da gwiwa, sannan na laluba waya.

Ni Casilda Urbina, shekara goma sha tara na yi a wani ɗan ɗaki bayan ofishin magajin garin Ocotepa ina ɗaukar kiran gaggawa. Garinmu ba sunan titi, ba lambar gida. Mutum zai ce maka, "Daga inda rimi yake da, layi uku ƙasa," alhali rimin nan guguwa ta kayar da shi tun ina budurwa. Duk irin wannan kwatance na tara shi a wani baƙin littafi, shafi ɗari biyu, da rubutun hannuna. Sai aka yi sabuwar doka: kowane katin waya ka saka za a cire ɗan wani abu, a tara a babban birni, a gina cibiya guda ga ƙasa duka, a rufe irin ɗakunanmu. Motar asibitin ma aka ba wani kamfani, ya kawo direbobinsa daga wata jiha. Wani mai laƙabin lauya, Avilés, ya zo da takardar sallamata, kuma ko kunya babu ya ce in ba shi littafin a kwafa a na'ura.

Na ce masa, "Dokar da ta ce ba ni da amfani, ta zo ta rubuta nata." Na sa abina a jaka na fito. Raina ya yi fari ranar, ba zan ɓoye ba. Littafin kuwa na tokare gajeriyar ƙafar teburin suyata da shi.

Da na kira cibiyar, wata yarinya ce ta ɗauka, murya a natse.

"Mama, mene ne sunan titin?"

"Wane titi? Rubuta! Ocotepa, daga inda rimi yake da..."

"Babu rimi a taswirata, Mama."

"Gaban coci ne, 'yar nan, coci! Daga coci layi biyu sama, gida mai shuɗiyar ƙofa. An sare shi a cinya, jijiya ce."

"Daga coci, layi biyu sama. Na gane. Mota tana mararraba, minti goma za ta iso. Ki ci gaba da dannewa, kada ki saki."

Wallahi har yaba mata na yi a zuciyata. Na ce ashe dai sun koya musu wani abu.

A waje an ɗaure Fanor a jikin falwaya. Ina hango su ta ƙofa. Wani maƙwabcinmu kafinta, Don Eleuterio, yana jibgarsa da guntun katako, matan layin suna jifa da duk abin da hannunsu ya kai. Fatar fuskarsa ta saluɓe, ido ɗaya ya rufe, yana kiran uwarsa. Wani ya ɗauki addar ya buga masa gefenta a baki, na ga haƙori ya faɗo. Ban ce su bari ba. Da ina da hannu na uku da na je na ƙara masa.

Yader ya dube ni, leɓɓansa sun yi fari fat. Ya ce, "Mama, kin zubar da man sati guda."

"Rufe min baki, ja'iri. In ka warke kai za ka saya."

"Sanyi nake ji."

"Ga su nan zuwa."

Da gaske kuwa, sai ga jiniya. Na ji ta shigo gari ta wajen gidan mai, ta wuce kasuwa, ta iso coci. Shekara goma sha tara ina sauraron jiniya a garin nan, ko ido rufe na san inda take. Daga coci sai ta karya hagu ta hau dutse, minti ɗaya ta ishe mu. Na ce, "Ka ji ko? Ka ji?"

Sai ƙarar ta fara raguwa.

Nan take na gane. A Ocotepa in ka ce sama, dutse kake nufi, dutsen kuwa yana yamma. Mutanen babban birni in sun ce sama, inda rana ke fitowa suke nufi. Takardar doka gabas da yamma ta sani, yarinyar kuwa 'yar birni ce, ta ji sama ta rubuta gabas, kamar yadda uwarta ta koya mata. Direban baƙo ne, abin da ya gani a allo shi ya bi. Ni da na fi kowa sanin wannan, ni ce na faɗa mata da bakina.

Na sake kira da hannun da ya jiƙe da jini, wayar tana zamewa. Wani namiji ne ya ɗauka.

"Mama, mene ne sunan titin?"

"Motar ta yi gabas! Ku ce ta juyo, yamma ne, yamma!"

"Kina da lambar kiran farko? Idan babu sai na buɗe sabo."

Na zage shi, na zagi wanda ya ɗauke shi aiki. Na jefar da wayar na ƙwala wa Don Eleuterio kira, na ce ya bar wancan la'anannen ya hau babur ya taro motar. Ya tafi da katakon a hannunsa.

Na koma na danne da hannu biyu. Tsartuwar ta ragu, na so in ce ɗaurina ne ya kama, amma na san ba shi ba ne. Yader ya riƙe min bakin zane kamar yadda yake yi yana ƙarami in mun shiga kasuwa. Na yi ta yi masa surutu, na ce zan bar shi ya ajiye kejin zakarunsa a tsakar gida, na ce ba zan ƙara yi masa faɗa ba. Ban san a kan wace magana ya saki zanen ba.

Don Eleuterio ya same su can layi biyu gabas suna bubbuga wata shuɗiyar ƙofa. Da suka iso, ma'aikacin lafiyar da ke motar ya taɓa wuyan Yader, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ya ce ƙa'idarsu mai rai suke ɗauka. Suka kwance Fanor daga falwaya suka ɗora shi a gadon motar da na kira wa ɗana.

Direban ne ya tsaya ya taya ni tayar da teburin. Wani siriri, ko gemu bai gama fito masa ba, yana ta cewa, "Ki yafe mu, Mama, abin da aka turo muka bi." Ya sunkuya ya ɗauko baƙin littafin daga ƙasa, gefensa ya sha jini, bangon ya buɗe. Na ga idonsa ya tsaya a shafin farko. Ba sai na duba ba, ni na rubuta shi da jan biro ranar da na fara aiki, har na ja layi biyu a ƙarƙashi: A nan sama dutse ne, wato yamma, kada a bi na birni.

Ya ce, "Mama, wannan naki ne?"

Na ce ya tafi da shi.