Allon da Birthe Ta Ɗaura

Birthe na cikin bas ɗin asibiti, kwalin kek a cinya, Torben ya sake kira. Shi ne shugaban jam'iyyarsu ta masu shuɗi a garin, mutumin da ko gaisuwa sai ya mai da ita jawabi. Ya ce kada ta kuskura ta amsa laifi: saura kwana tara zaɓe, kuma sunanta ne na uku a jerin 'yan takara. In 'yan jarida sun matsa, ta tuna musu allon kamfen na masu ja, abokan hamayyarsu, da ya faɗo wa wata mata shekara huɗu da suka wuce.

Ai ba sai an tuna mata ba. Ita ce ta rubuta wa jaridar garin a lokacin, cewa wanda ya ɗaura allon ya janye takara in yana da kunya. Mutumin kuwa ya janye.

Doka ta ce a ɗaga allon ɗan takara ya fi mita biyu sama da hanyar keke. Ranar Asabar da aka ba da izinin ɗaura allunan, sha biyu na bugawa kowa ya ruga kama sandar fitilar titi. Tsaninta gajere ne, ta ɗaure hotonta iya inda hannu ya kai, ta ce ba komai. Jiya tsoho Aksel, mai gyaran agogo, ya taho a keke ya yi karo da shi, ƙashin kafaɗa ya karye. Tun jiyan take jin kunyar kanta.

A asibitin ta same shi a jingine, hannu a rataye, yana ba wani mai jinya labari. Wai masu ja ne suka sauke allon ƙasa don su ɓata wa jam'iyya suna. Shekara hamsin yana zaɓen shuɗi, ya san halinsu.

Ta ajiye kek ɗin.

"Aksel, ba wanda ya sauke shi. Ni na ɗaura shi haka, da hannuna."

Ya kalle ta. Ta shirya wa faɗa, har tana so ya yi, ko ta ji sanyi a ranta.

"To, yarinya," in ji shi, "wa ya kafa fitilar daf da hanyar keke? A zamanin mulkin wa aka yi titin nan?"

Ta ce ba maganar titi ake ba. Ya ɗaga lafiyayyen hannun ya dakatar da ita, ya ce ta yanka masa kek, ƙuri'arsa tata ce.

Ta yanka, ta miƙa masa. Sannan ta fita baranda ta nemo lambar jaridar. Da aka ɗauka ta faɗi sunanta, ta ce tana da sanarwar janyewa, gajeriya ce.