Na Biyar a Layi

Sufeto ya duba mutanen da ke jingine da bangon tsakar ofishin, bakwai ne, ga shi doka ta ce takwas, kuma masu kama da wanda ake zargi. Wanda ya rubuta dokar nan a ɗaki mai sanyi ya rubuta ta, bai taɓa fita titi da kaki yana roƙon jama'a su shigo ofishin 'yan sanda su tsaya minti goma ba. Tun safe kofur ke zarya a bakin hanya, duk wanda ya yi wa sallama sai ya tuna ana jiransa a wani wuri.

Dole aka yi da 'yan gida: mai shara, mai gyaran wuta, mai shayin bakin ƙofa, da kurata uku da aka tuɓe wa kaki aka bar su da takalman gwamnati a ƙafa. Na bakwai wani tela ne, kwanansa goma sha ɗaya a tsare bisa zargin kashe mai kantin magani. Hujjar kuwa, an gan shi da almakashi kusa da kantin. Tela da almakashi. A kan wannan Yallaɓai, shugaban ofishin, ya tara 'yan jarida ya ce an kama mugu. Sufeto ya san ba telan ba ne, amma sanin sufeto ba ya buɗe ƙofar kurkuku. Zanen yatsun da ya aika ɗakin gwaji yana can yana barci, wai maganin gwajin ya ƙare tun bara. Idan matar mamacin ta nuna telan yau, sai dai iyalinsa su yi haƙuri.

"Saura mutum ɗaya, Yallaɓai," in ji Sufeto.

"Ɗauki direbana, ga shi can yana wanke mota. Ku yi ku gama, ina da taro."

Direban ya goge hannu a wando ya shiga layi, ya tsaya na biyar.

Aka shigo da matar, dattijuwa ce ramammiya. Ta bi layin a hankali, ta wuce telan ko kallo na biyu bai samu ba, ta zo kan na biyar ta tsaya cak.

"Wannan ne."

Kuratan suka fashe da dariya, Yallaɓai ya taya su har tumbinsa na rawa.

"Inna, ki duba da kyau," in ji Sufeto.

"Na duba shi da kyau, ɗana, ranar da ya tsallake gawar maigidana ya kwashe kwalayen magani. Har ruwa na ba shi da ya shigo, na ɗauka mai saye ne."

Dariyar ta mutu. Direban ya yi murmushi, amma yatsun ƙafarsa sai tono ƙasa suke.

Yallaɓai ya duba agogo. "Baƙin ciki ya taɓa mata ido. Rubuta ba ta gane kowa ba, a mai da tela ciki." Ya juya ga matar da murya mai taushi kamar ta mai jinya. "Sannu, Inna. Direba, kai ta har ƙofar gida, kada ta sha rana."

Sufeto ya ɗauki biro. Shekara goma sha tara yana aikin nan, ya rubuta ƙarya iri-iri da hannun nan nasa, ya je gida ya ci abinci ya ƙoshi. Yau dai biron ya ƙi. Ya rubuta "ta nuna na biyar," ya sa hannu, ya ninke takardar ya cusa a aljihu.

"Yallaɓai, akwai inda za ta dangwala yatsa a ofishina tukuna."

Ya ja ta suka bi ta ɗakin ajiyar kayan shaida, inda ɓeraye suka fi kowa sanin shari'o'in ofishin, suka fita ta ƙofar baya. A bakin titi ya tare bas.

"Inna, kina da 'yan'uwa a nesa?"

"Ƙanwata."

"Can za ki zauna. Kada ki koma gida ko ɗaukar zane ne."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Ni da na kawo muku ƙara, ni ce zan gudu?"

Ya buɗe mata ƙofa ta shiga. Ya tsaya har bas ɗin ta ɓace.

Ofishin mai gabatar da ƙara yana can ƙarshen gari, ƙarfe huɗu ake rufewa, babur ɗin ofis kuma wata uku ke nan ba taya. Ya fara takawa don ya kai takardar da kansa. Bai yi nisa ba ya ji mota ta rage gudu a gefensa, gilashi ya sauka.

"Sufeto," in ji direban, "ina za ka a ranar nan? Shigo in sauke ka."

"Na gode," ya ce. "Likita ya ce in riƙa tafiya a ƙasa."

Ya dafe aljihunsa ya ci gaba, motar na biye da shi a hankali.