Zomanyar Barau Maharbi

A garin Ruma, zamanin da fatake ke ɗaure kaya su nufi Gwanja sai shekara ta juyo a sake ganinsu, in gardama ta tashi a kan zomo, Barau ake nema. Tun yana saurayi yake bin su da kere, sandar jifa, da karnuka a gefen dajin Rugu. Ya san inda suke kwanciya da rana, ya san ciyawar da suke so, ya san yadda suke karya gudu su bar kare yana cin ƙasa. Da gwiwa ta ƙi, ya rataye keren a zaure, sai baki ya rage masa, bakin kuwa bai tsufa ba. In Barau ya ce "na sani", gara ka yi shiru ka tsira da yininka.

To shi ne ɗansa na fari Armaya'u ya zo wa da abin da bai taɓa gani ba. Armaya'u falke ne mai jakai. Ya yi wa wani Balaraben Gadamas dakon kaya a Birnin Katsina, Balaraben ya ji daɗin aikinsa, ya ba shi zomayen gida guda biyu, mace da namiji, waɗanda ya ce daga can bayan Tarabulus aka kawo kakanninsu. Zafin hanya ya kashe namijin. Macen ta iso cikin kwando tana haki. Da aka buɗe kwandon sai da Barau ya ja da baya. Zomanya ce, ba shakka, ga kunnuwa, ga tsagaggen leɓe, amma ta kai girman ɗan akuyar da aka yaye, toka-toka, da tattarar fata a ƙarƙashin haɓa irin ta attajirin da ya daɗe yana cin mai kyau.

Armaya'u bai daɗe ba, ayarinsu na jiransa a Runka. Ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, ciki gare ta. Namijin ya mutu, kuma babu irinta ƙasar nan. In abin da ke cikin nan ya salwanta, iri ya ƙare ke nan. Ka riƙe mini su har in komo."

Barau bai dube shi ba. Yana kallon zomanyar ya ce, "Jeka, Allah shi kiyaye. Ni za ka koya wa zomo?"

Daga ranar nan mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa wajen karya wa zomaye baya ya zama baran zomanya. Lokacin kaka ne, harawa ta yi yawa, amma sai ya zaɓe mata mai ganye. Yakan ɗingisa har fadama ya tsinko mata ganyen dankali. Tsohon karensa guda da ya rage ya aika da shi Wagini gidan 'yarsu Larai, wai kallon da yake wa baƙuwar bai gamshe shi ba. Ya raɗa mata suna Balarabiya. Ita kuwa ba ta da tsoro ko kaɗan. In ya zauna kan buzu da hantsi sai ta zo ta miƙe a kan ƙafafunsa, da nauyinta duka, yana sosa mata bayan kunne yana ba ta labarin farauta, wanda da tana jin Hausa da ba ta sake kusantarsa ba.

Mutanen gari suka yi ta zuwa kallo. Sule mahauci ya zo, ya daɗe yana duban cinyoyinta, ya tambaya ko za a sayar. Barau ya raka shi har ƙofar gida, bai ce masa ya gaida gida ba. Matarsa Zuwairatu tana gani tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta jima ba ta ga mijinta cikin jin daɗi irin wannan ba, saboda haka ta ƙyale shi da shirmensa.

Da ciki ya yi nauyi, Barau ya yi shirin haihuwa bisa saninsa. Zomo a cikin tsirin ciyawa take haihuwa, a fili, 'ya'yan su fito da gashinsu, idanu buɗe, ba a jima ba su kama tsalle. Wannan ya gani da idonsa ba sau ɗaya ba. Sai ya tara mata busasshiyar ciyawa mai laushi a inuwar danga, ya gyara wurin da kyau. Balarabiya ta zo ta shinshina, ta cinye rabin shimfiɗar, ta tafi abinta.

Bayan haka ya lura gashin ƙirjinta yana ƙarewa, har fata ta fito. Ya ce ƙazwa ce, ya yi ta shafa mata man kaɗe. Sai wata safiya ya ɗaga ta ya ji ta sakayau. Cikin ya saɓe. Ya duba tsirin ciyawar, ba kome. Ya bi gindin danga kaf, ya leƙa bayan randa, ya kwashe itacen girki, ya shiga akurkin kaji da rarrafe. Ko ɗa ɗaya bai gani ba.

Ya koma kan buzunsa ya zauna. Baƙin ciki ya kama shi, kuma kunya ta fi baƙin cikin yawa. Abu guda yaron nan ya taɓa roƙonsa tun da ya girma, abin ma a cikin sana'arsa, ga shi ya ɓace a tsakar gidansa yana barci. Tuwon daren nan da na washegari ya koma kamar yadda aka kawo shi.

Ana cikin haka Zuwairatu ta je ɗebo gero. Tana taka gefen dutsen da rumbu ke kai, ƙafarta ta lume cikin ƙasa mai taushi. Ta janye, sai ga bakin rami ya nufi ƙarƙashin rumbun.

"Maigida, zo ka gani."

Barau ya zo ya tsuguna. Fuskarsa ta washe, irin ta wanda ya daɗe yana neman wanda zai ɗora wa laifi, ga shi ya sami gafiya. "Gahiya ce. Ita ta cinye su, ga ta tana shirin hatsinmu."

Zuwairatu ta ce, "Ni kuwa na sha ganin jar ƙasa ga hannuwan Balarabiya da sahe. Ko ita ta gina?"

"Uwar Larai, zomo ba ya gina rami. Tun kahin a haihe ki nake bin su."

A nan kam gaskiyarsa ce, zomon daji ba ya gina rami. Sai dai bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko ta gidansa ta san da wannan doka ba.

Ya yi abin da maharbi ke yi kafin ya taɓa rami. Ya samo tsumagiya, ya tsaga bakinta, ya zura a hankali, ya murza, ya jawo. Gashi ya naɗo a jiki, mai laushi, toka-toka. Ya kai shi kusa da ido, ya dubi Balarabiya da ke tsaye nesa kaɗan tana dukan ƙasa da ƙafar baya. Ya juyo wurin matarsa a fusace. "Kin gani? Ba ƙazwa ba ce. Bayan gahiyar ta cinye mata ɗiya, har gashinta take tsigewa ta yi shimhiɗa."

Ya ce a kawo masa kara da wuta ya tura mata hayaƙi. Zuwairatu ta tsaya tsakaninsa da murhu. "Wuta ƙarƙashin rumbu cike da gero? In kai ka gaji da cin tuwo, ni ban gaji ba." Dole ya haƙura ya ɗauko dagi. Ya kife Balarabiya da kwando don kada gafiyar ta fito ta cije ta, ya durƙusa a kan gwiwar da ya ce ba ta lanƙwasuwa, ya shiga tono.

Ramin bai yi zurfi ba. A ƙarshensa ya tarar da dunƙulen gashi da ciyawa, yana motsi. Ya buɗe da bakin dagi. Wasu 'yan abubuwa shida, tsirara, ba gashi ko ɗaya, idanu a rufe, suna mutsu-mutsu a kan juna.

"Ga su nan, ɗiyan ɓarauniya. Uwar ta gudu, amma shaho zai yi kalaci."

Ya kai hannu ya ɗauki guda ta wutsiya, yadda ake ɗaukar ɗan ɓera, don ya wurga shi bayan danga. Yatsunsa suka haɗu da juna. Ya sake lalubawa. Babu wutsiyar kamawa, sai wani ɗan tsiro da bai kai ƙwayar wake ba. Ya ɗora abin a tafin hannunsa ya juya shi. Kunnuwa dogaye, a manne da ƙeya. Leɓen sama a tsage.

Barau ya zauna daɓas a cikin ƙasar da ya tone. Ya ce, "Inna lillahi." Zuwairatu ba ta ce ai na faɗa ba. Ta je ta kawo sakaina.

Suka kwashe su da gashin duka suka sa a ciki, suka ajiye a inuwa, suka buɗe wa uwar kwando. Balarabiya ta zo ta shinshina sakainar, ta juya ta koma kan harawarta. Barau ya ce bari ta huce. Ya jawo buzunsa kusa ya zauna gadi. Hantsi ya wuce, rana ta take, ba ta ko waiwayo ba. Ya ɗauko ta ya ɗora a kansu, ta yi zillo ta karce masa hannu har jini, ta koma can gindin danga ta miƙe tana lumshe ido. Kafin la'asar fatar cikin 'ya'yan ta fara yamushewa, motsinsu ya ragu.

Tsoro ya shige shi sosai. Ya rushe mata ɗaki, ya taɓa mata 'ya'ya da hannu mai warin dagi, yanzu ta yafe su, za su mutu yana kallo, kuma ba gafiya ba ce ta kashe su. Ya je gabanta ya tsuguna yana ba ta haƙuri, tsoho da furfurarsa. Ya yi mata faɗa. Ya sake ba ta haƙuri.

Zuwairatu tana tankaɗe a bakin ɗaki. Ta ajiye rariyar ta ce, "Maigida, tashi ka ba ta wuri."

"In na tashi wa zai sa ta?"

"Ba mai sa ta. Haihuwar hwari ce, kunya take ji. Ka kahe ta da ido tun sahe, ya za ta yi?"

"Dabba mi ta sani da kunyar ɗan hwari?"

"Ɗazu ma ai zomo ba ya gina rami."

A Ruma kowa ya san wannan kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka da idon jama'a sai ta kau da kai kamar ɗan wata ne. Uba ma haka. Barau bai taɓa jin an ce zomo na yi ba, amma a yinin nan ya ji abubuwa da yawa da bai taɓa ji ba.

Suka mayar da 'ya'yan ƙarshen ramin cikin gashinsu. Suka kifa fasasshen kasko a kan inda ya tone, suka bi da ƙasa, suka bar bakin ramin yadda yake. Zuwairatu ta ɗauke buzun da kanta ta kai zaure, ta ce kada ta ga ƙafarsa wajen rumbu sai rana ta fito.

Da asuba ya yi salla, ya ƙi tashi daga masallaci. Ya ja carbi har liman ya tafi ya bar shi. Zuciyarsa na can ƙarƙashin rumbu, amma ya daure, bai koma ba sai da rana ta taɓa kan ganuwa.

Ya tarar da Balarabiya tana cin harawa kamar ba abin da ya dame ta a duniya. Ya share ƙasar, ya ɗaga kaskon a hankali. Shidansu suna nan da ɗuminsu, suna barci a dunƙule. Cikin kowanne ya yi tulu-tulu, har ana hango farin nono ta cikin fatar. Barau ya ji ƙwalla ta cika masa ido, ya yi sauri ya mayar da kaskon ya rufe da ƙasa.

Ya zo ya zauna kusa da matarsa tana dama kunu. Yana kallon ludayin ya ce, "Ta ba su. Ba wanda ya gani."

"To."

"Ke ma haka kika yi da wancan yaron? Ni dai ban taɓa ganin kin ba shi nono ba."

"Ga shi kuwa har Gwanja yana zuwa da ƙahwa tai." Ta zuba kunun a ƙwarya ta tura masa, ba ta ɗago kai ba. "Kai ma ban taɓa ganin ka ɗauke shi ba. Amma kullum na tahi rijiya na bar shi kwance shi kaɗai, in na komo sai in iske shi yana warin karnukanka."

Barau ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ya kai baki. Kunun da zafi, bai sha ba, amma ya daɗe bai sauke ta daga fuskarsa ba.