Faifan da Ke Cikin Jan Kwali

Shekara talatin da ɗoriya Dallatu da Bernard suna musu a kan faifai biyu, kuma har yau kowa yana kan bakansa. Tun suna ƙananan ma'aikata a ofis ɗaya suka fara, suka yi ritaya da abinsu. Duk Asabar bayan la'asar Bernard zai iso gidan Dallatu a unguwar Kado da gasasshen kifi a leda, a kunna tsohon garmaho, a buɗe shafin gardama.

Faifan Dallatu na kiɗan rok ne, mai jan kwali, na wasu samarin Turawa da yanzu sun zama kakanni. A ganinsa duk mai kaɗa jita a yau, har yaran da kiɗansu ke tashi a tashar Utako, a wannan faifan ya sha nono, ko ya sani ko bai sani ba. Bernard kuwa ɗan kiɗan pop ne. Nasa mai farin kwali ne, wata mata ke rerawa a hankali. Ya ce wannan ita ce waƙa, tunda har gobe ana sa irinta a wajen biki, na Dallatu kuwa hayaniyar maƙera ce kawai. Hajjo, matar Dallatu, takan ce ko 'yan siyasa ba su kai su ɓata yawu ba.

To, a 'yan watannin nan wani abu ya sauya, kuma ya dami Dallatu ƙwarai. Bernard ya daina katse shi. In ya kawo hujja sai mutumin ya gyaɗa kai yana murmushi, can ya jefo wata magana da ba ta haɗu da zancen ba. Dallatu ya ɗauka abokin nasa ya gaji da shi ne, zuwan ma kara ce kawai. Tsoronsa kada wata Asabar ta zo kujerar nan babu kowa a kai, don ba shi da wani abokin hira da ya rage a garin nan.

Ran nan Hajjo ta goge kantar faya-fayan, ta zura kowanne a kwalin da hannunta ya kai. Ita a wajenta duk baƙaƙen farantai ne. Dallatu bai lura ba. Ya zaro na cikin jan kwali, ya ɗora allura, ya jingina kwalin a jikin garmaho yadda suka saba. Sai ga muryar mawaƙiyar nan ta Bernard ta fito a sanyaye.

Ya buɗe baki zai yi dariya, Bernard ya riga shi magana. Ya dubi jan kwalin, ya yamutsa fuska.

"Oga, ka ji ko? Wannan mai ganga kamar yana fasa dutse. Shekara talatin ina faɗa maka, wannan ba kiɗa ba ne."

Babu ganga ko ɗaya a ɗakin. Piyano ne da muryar da Bernard ya fi ƙauna a duniya, tana tashi a gabansa, shi kuwa bai ji ta ba. Nan Dallatu ya gane. Ashe ba gajiya ba ce, kunne ne ya tafi. Kwali mutumin yake kallo ya ɗauko gardamar da ta dace da shi, don kada a gane a ce masa ya huta a gida. Tausayi ya kama Dallatu, ga kunyar zargin da ya daɗe yana yi masa a zuci.

Hajjo ta leƙo daga kicin, ta ji abin da aka faɗa, ta kuma ji abin da ke tashi. Za ta yi magana, mijinta ya girgiza mata kai. Ya bar faifan yana ta juyawa. Ya ja kujerarsa ya dawo daidai gaban Bernard, inda hasken taga zai sauka a fuskarsa, ya buɗe baki sosai yana fitar da kalmomi ɗai-ɗai.

"Bernard, kai dai ba ka san kiɗa ba. Duk duniya babu kamar mai gangar nan."

Bernard ya bi leɓɓansa da ido har ya kai aya. Fuskarsa ta washe, ya ajiye kifin da ke hannunsa, ya gyara zama.

"Ƙarya ne," ya ce. "Bari in gaya maka."